Ƙasar da Aka Mayar Babu Inuwa

Ranar da mutanen Gawasa suka koma ƙasarsu, da hantsi suka isa, suka tarar babu inuwa a cikinta. Bishiyoyin da suka rage a kurmi suna nan tsaye, kuka da maɗaci da ɗorawa da kanya, amma ƙarƙashinsu fari fat kamar tsakiyar fili. Rabin tsaunin da masu fasa dutse suka bari, shi ma ko ɗan duhu bai jefa a ƙasa ba. Mutane kaɗai ke jan inuwarsu a baya. Babu kukan tsuntsu, babu ƙudan zuma, idon ruwan da ke gindin tsauni ya ƙafe ƙaf.

Shekaru da yawa kafin wannan rana aka tashe su, aka ba wani kamfani wurin ya fasa dutse, su kuma aka zube su a wani faƙo a bakin titi. Suka kai ƙara. Wanda ya ja gaba shi ne Jatau, har ranar da motar da ya shiga zuwa zaman kotu ta kife da shi. Matarsa Barmani, maginiyar tukwane, ita ta hau gurbinsa. Tun daga ranar ba a ga ta yi kuka ba, ba a ga ta yi dariya ba, ba ta kuma sake taɓa yumɓu ba. Kotu take zuwa ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Ranar da alƙali ya ce a mayar wa Gawasa ƙasarta, mata suka kaure da guɗa, ita kuwa ta sunkuya tana neman takalminta.

Lauyarsu, Barista Tabawa, ta zo tare da su. Ta zagaya kurmin, ta leƙa idon ruwa, ta dawo jikinta a sanyaye.

Ta ce, "Jama'a, kotu ta ba ku ƙasa, amma ba ta kulle ƙofa ba. Abin da zai kulle ta shi ne hukuma ta sa kurmin nan da tsaunin cikin wuraren gado da doka ta hana a taɓa. Masu duba wuri za su zo bayan damina. In suka ga ruwa da tsuntsaye da bishiyoyi masu rai, za su sa hannu. In suka ga abin da nake gani yanzu, za su ce mataccen wuri ne, wani kamfanin ya sake nema."

Sai Dogara, kawun Barmani, tsohon da gidansu ke kula da kurmin tun kaka da kakanni, ya buga sandarsa a ƙasa. Ko ƙara ba ta yi ba.

Ya ce, "Mutanen ɓoye sun tashi. Mu aka kore mu da mota, su aka kore su da nakiya. Sun kwashe nasu sun shige ƙarƙashin ƙasa. Sai wani ya bi su ya ba da haƙuri, ni kuwa ƙafafuna sun ƙare."

Maza suka riƙa duban juna. Barmani ta ce, "Ta ina ake shiga, Kawu?"

Ya nuna mata tsagar da nakiya ta bari a jikin tsauni. Ya ce, "'Yar nan, ba a tilasta miki ba. Ba ki jin tsoro?"

Ta ce, "Ba na jin komai, Kawu. Gara ni."

Ta ɗaure ɗamara da gyalenta, ta yi bisimilla, ta kutsa.

Tana cikin gangara sai duhu ya yaye, ta ga kanta a wani fili wanda ba a hango ƙarshensa. Babu rana a sama, amma akwai haske. Filin duk tsakuwa ne, kowace tsakuwa kuma da ɗan bakinta, tana kiran 'yar'uwarta da aka raba su. Kukan ya cika wurin kamar na makoki. Barmani ta taka su ta wuce, suna kira a ƙarƙashin ƙafarta.

Can sai ga wani ƙato na dutse ya tare hanya. Rabin jiki gare shi: ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, ɗaya gefen a ɓantare.

Ya ce, "Tsaya nan, ya ke 'yar Adam. Ni ne Tsaunin Gawasa, ko in ce abin da ya rage daga gare shi. Me ya kawo ki inda ba a gayyace ki ba?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, inuwar ƙasarmu da ruwanta nake nema."

"Ni wa zai nemo mini rabina?"

"Babu mai iyawa. An niƙa shi an yi tituna a birane. Na bi ta kansa sau da yawa zuwa kotu."

Ƙaton ya daɗe yana dubanta da idonsa ɗaya. Ya ce, "Da kin yi mini alƙawarin ƙarya da na danne ki a nan. Tun da kin faɗi gaskiya, za ki wuce, amma da kaya." Ya ɓantaro wani dutse daga haƙarƙarinsa, bai fi ƙwarya girma ba. "Ɗauki wannan ki kai gaban Magajiya, mai mulkin mutanen ɓoye. Shaidata ce. Kika sauke shi a hanya, ke ma kin zama tsakuwa."

Barmani ta kwance gyalen ta naɗa gammo, ta ɗora dutsen a ka, ta kama hanya. Da fari bai fi tulun ruwa nauyi ba. Tana tafe yana ƙaruwa, har wuyanta ya fara lanƙwasa, gumi yana kwarara ta bayan kunnuwanta yana jiƙa gammon. Dutsen kuma bai yi shiru ba. Yana ta ba ta labarin ranar da aka fara sa nakiya, yadda gaggafa suka watsar da ƙwansu, yadda rema suka mutu a cikin ramuka. Tana ji, tana tafiya.

Ta iso bakin wani kogi mai faɗi, ruwansa yana gudu zuwa tudu maimakon gangare. Wani farin kada ya taso, tsawonsa ya kai kwalekwale biyu.

Ya ce, "Ya ke mai ɗauke da dutse, ni nake fito a wannan kogi. Ba na karɓar kuɗi, ba na karɓar hatsi. Hawaye nake karɓa, ɗigo ɗaya ya isa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da su."

"Ba a taɓa yin ɗan Adam marar hawaye ba. Wa ya mutu miki?"

"Maigidana."

"Tuna da shi."

Ta tsaya ta tuna. Ta tuna yadda aka kawo shi a tabarma, da hularsa da aka miƙa mata daban. Ta jira, kadan ya jira. Idonta ya ci gaba da zama a bushe.

Kadan ya zagaya ya shinshina ƙafarta. Ya ce, "Lallai kin bushe har ɓargo. Ba zan ɗauke ki ba, don ba ki biya ba. Amma irinki ba ya nutsewa. Shiga."

Ta shiga. Ga dutse mai nauyin jaki a kanta, amma ruwan bai wuce idon sawunta ba. Ta bi ta kansa kamar busasshen duma har ta haye. Da ta waiwaya ta ga kadan yana girgiza kai, ba ta sani ba ko mamaki yake ko tausayi.

A ƙetaren kogin ta faɗa wata kasuwa. A nan ta ga inuwoyin Gawasa, an shanya su a kan igiyoyi kamar baƙaƙen zannuwa da suka fito daga marina. Ta gane ta babbar kuka, ta gane ta ɗorawar da ke bakin hanyar rafi, ta gane ta tsauni a ninke gefe guda, rabinta a yage. Aljanu suna kai da kawo a tsakani, wasu masu ƙafar akuya, wasu ba su wuce zakara tsawo ba, wasu kuma murya kawai ake ji. Duk wanda ya gan ta sai ya kau da kai.

Wata tsohuwa mai ido a tafin hannu ta kira ta. "Zo nan, baƙuwa. Ina da hajar da ta fi abin da kika zo nema."

Ta warware wani ƙunshi, ta shimfiɗa a ƙasa. Inuwar mutum ce, mai ɗan doro, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Barmani ta gane ta nan take, ta Jatau ce.

Tsohuwar ta ce, "Sauke dutsen nan, ba abin da zai same ki, ni na tsaya miki. Ki ɗauki wannan ki koma gida. Za ta zauna kusa da ke a tsakar gida, za ta bi ki rijiya, za ta kwanta inda yake kwanciya. Me ƙasa za ta yi miki? Ke kaɗai ce, ko ɗa ba ki da shi."

Barmani ta tsaya a kan inuwar. Ta ji ɗan sanyi a tafin ƙafarta, irin na ɗakin da aka yayyafa wa ruwa. Ta daɗe a tsaye, dutsen yana danne ta.

Ta ce, "Tana magana?"

"Ba ta magana."

"To, Iya, naɗe kayanki. Da yana magana, cewa zai yi in wuce."

Ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Fadar Magajiya a cikin wani kogo take, wanda saiwoyin bishiyoyi suka sauko suka zama ginshiƙansa. Magajiya tana zaune a kan kututture, ko a zaune ta kai giginya tsawo. Gashinta saiwoyi ne, zuma na shiga kunnenta suna fita, gefen fuskarta ɗaya a tsage. Tsuntsayen Gawasa duka suna jere a kafaɗunta, ba mai kuka. A ƙarƙashin ƙafarta idon ruwan ne yake ɓuɓɓuga, ɗaure da sarƙar ciyawa.

Barmani ta durƙusa da dutsen a kanta. Ta ce, "Allah ya ja zamaninki, uwar kurmi. Ni ce Barmani, 'yar ƙanwar Dogara. Mutanen Gawasa suka aiko ni."

Magajiya ta ce, "Sauke shaidar." Ta sauke. Dutsen ya buɗe baki ya maimaita duk abin da ya gani, tun daga nakiyar farko har zuwa ta ƙarshe.

Magajiya ta ce, "Mun ji alƙalinku ya mayar muku da ƙasa. Madalla. Ya kira mu shaida?"

"Bai kira ku ba, ranki ya daɗe. Bai san da ku ba."

"Ku da kuka san da mu, da za ku tashi kun yi mana sallama?"

"Ba mu yi ba. Da bindiga aka loda mu."

"Wannan uzuri ne, na karɓa. Amma bari in tambaye ki abin da ba a tambaya a kotunku ba. Kafin baƙi su zo da nakiya, wa ya sare maɗatan gabas ya ƙona gawayi? Wa ya nuna wa masu awo hanyar gindin tsauni? Baƙo ne?"

Barmani ta ce, "Namu ne."

"To, in na saki inuwa da ruwa, wa zai tsare mu daga gare ku? Baƙo yana zuwa sau ɗaya da babbar mota, a gan shi a yi ihu. Ku kuwa kullum kuna nan da ɗan gatari."

Barmani ta ce, "Akwai dokar da muke nema. In an kafa ta, ba mai sara, ba mai fasawa, ba mai sayarwa. Ba ta ware baƙo da ɗan gari ba."

"Doka magana ce, 'yar Adam. Mu ba ma karɓar magana sai da jingina."

"Ba ni da komai, ranki ya daɗe."

Magajiya ta miƙa dogon yatsanta ta nuna ƙasa. "Kina da wannan. Ki bar inuwarki a wurina. Zan ɗaure ta a jikin saiwoyin kurmi. Duk abin da ya sami bishiya, zai same ki. Aka sare su duka, kin tafi tare da su. Kin yarda?"

Barmani ta dubi inuwarta a kwance a gefenta. Ta nemi wani abu a ranta, ko tsoro ko ƙyashi, ba ta samu ba. Ta ce, "Na yarda."

Magajiya ta ce, "Kin amsa da wuri. Wanda ba ya son ransa, jinginarsa ba ta da tsada. Amma ke aka aiko, ke zan karɓa. Saura abu guda. Ruwa ba ya bin mutum da ƙafa, sai an ɗauke shi. Ga ƙasa nan, gina abin da za ki zuba shi. Kada ki taɓa idon ruwan, kada ki koma kogi."

Aka zube mata yumɓu busasshe kamar gari. Barmani ta zauna a gabansa, hannayenta a kan gwiwa. Sai ta ɗauko gammon da ta sauke, ya jiƙe sharkaf da gumin tafiya. Ta matse shi a kan yumɓun, ta cuɗa, ta sake matsewa. Yatsunta suka tuna aikin da kansu. Ta murza, ta ɗora, ta shafe, ta fitar da wuya da baki, har tulu ya tsaya. Magajiya ta hura masa numfashi sau ɗaya, ya gasu ya yi ja.

Aka kwance sarƙar ciyawa, idon ruwan ya miƙe kamar maciji ya shige tulun. Aljanu suka kawo inuwoyin a ninke suka ɗaura mata a baya kamar goyo. Tsuntsaye suka sauko suka bi sahunta. Daga nan Magajiya ta sunkuya, ta kama inuwar Barmani ta wajen dugadugai, ta ɓare ta daga ƙasa kamar ɓawon rogo. Barmani ba ta ji zafi ba.

Magajiya ta ce, "Tafi, kada ki tsaya. Rabin tsauni ba zai dawo ba, ramukan da aka haƙa ba za su cike ba. Abin da ya rage shi na ba ki."

Ba ta sake ganin kasuwa ko kogi ba. Hanya ɗaya ta miƙe da ita har tsagar dutsen. Da ta fito ta tarar hadarin farkon damina ya haɗo, ashe ta kwashe watanni, har an fid da rai an yi mata sadaka. Ta wuce mutanen da suka taru suna salati, ta je gindin tsauni ta tuntsurar da tulun. Ruwa ya ɓulɓulo, bai kuma tsaya ba. Ta kwance goyon, inuwoyin suka watse da gudu, kowace ta nemi gindin bishiyarta ta kwanta. Kurmi ya ɗauki kukan tsuntsaye.

Dogara ne ya fara lura. Ya dubi ƙasa kusa da ƙafarta, ya dube ta. Ya ce, "Me kika bari a can, 'yar nan?"

Ta gaya musu duka, a gaban kowa, da murya ɗaya kamar mai ba da labarin wani.

Bayan damina masu duba wuri suka zo. Suka ga ruwa, suka ga zuma a kogon kuka, suka ga zanen mutanen dā a rabin tsaunin da ya tsira. Doka ta fito, aka kafa duwatsun iyaka, aka naɗa kwamitin gari mai tsaron wurin, da Barmani a ciki. Barista Tabawa ta karanta dokar a dandali, ta nanata cewa ta hau kan kowa. Aka yi kiɗa, aka yanka sa. Barmani ta zauna a gefe har aka watse.

Bayan girbi mutane suka shiga gina gidaje. Wata safiya Barmani tana shara, sai ta ji wani abu ya sare ta a ƙwauri. Ta faɗi zaune. Kafin ta taɓa wurin an sake sara. Jini ya ɓalle. Zafin ya hau har ƙoƙon kanta, irin wanda ta manta akwai shi a duniya. Ta yagi bakin zanenta ta ɗaure, ta ɗauki muciya ta dogara, ta nufi kurmi tana ɗingishi.

A gindin wani matashin maɗaci ta same shi. Ranau ne, ƙanen Jatau, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ya gan ta ya sauke gatarin.

Ya ce, "Yaya, gofa ɗaya ce kawai ta tokare rufi. Ɗakin yara ba rufi, sanyi ya kusa."

Ta ƙaraso kusa da shi. Ya ga jinin da ke bin ƙafarta, ya dubi saran da ke jikin bishiyar, daidai tsayin ƙwauri. Gatarin ya suɓuce daga hannunsa.

Ya ce, "Wallahi na ɗauka zance ne. Na ɗauka kin faɗa ne don a ji tsoro."

Ta ce, "Ɗauki gatarinka mu je wurin kwamiti."

"Ni, Yaya? Ɗan'uwana ya mutu a kan ƙasar nan. Ƙanensa ba zai sami itace ɗaya a cikinta ba? Ki rufa mini asiri, ba wanda ya gani."

"An gani, Ranau. A ƙarƙashinmu ana kallo. In na bar ka, gobe wa zan hana?"

Ya yi gaba, tana biye da shi tana jan ƙafa. Shi ne mutum na farko da dokar ta kama. Kwamiti ya karɓe gatarinsa, ya sa shi dasa maɗatai a gabas ya yi ta ba su ruwa har su kama. Matarsa ta daina gaishe da Barmani, dangin Jatau suka ce ta ci amanar gida.

Da la'asar Barmani ta tura aka kwance azarar rumfarta, aka kai gidan Ranau don rufin ɗakin yaran. Ba a aiko da godiya ba. Dogara ya zo da magani ya zauna yana wanke mata raunin. Da ruwan ya taɓa wurin ta ja ƙafa, ta cije leɓe.

Ya ce, "Da zafi?"

Ta ce, "Da zafi, Kawu. Da zafi ƙwarai."

Tsohon ya ci gaba da wankewa a hankali. Ita kuwa ta riƙe gwiwarta da hannu biyu, tana jin bugun ciwon yana zuwa yana komawa, ba ta ce ya dakata ba.